Sanyi ne ya kama bayanka, ko buhu? Sharhi kan tallan maganin sanyi

Idan ka taɓa shiga kasuwar Dawanau a ƙarshen kaka, lokacin da tireloli ke jere a bakin titin Katsina ana lodin masara da riɗi da waken suya, to ka san muryar da nake nufi. Daga wata tsohuwar mota take fitowa, an ɗaure mata lasifika a ka, ko kuma daga baro da ɗan ƙaramin amsa-kuwwa mai batir. Ita ce dai kake ji a kasuwannin ƙauye na ƙasar Dawakin Tofa, ita ce a rediyo da daddare, yanzu kuma ta koma saƙon murya a WhatsApp, ana tura ta da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Mai maganar yakan canja, amma karatun ɗaya ne: ciwon baya, ciwon ƙugu, riƙewar wuya, ƙafa ta mutu in ka zauna, jijiya ta ɗaure, kasala, raunin mazakuta, duk sanyi ne, ga kuma maganinsa a jarka.

Wannan talla nake so mu zauna mu duba, kamar yadda ake duba littafi ko fim. Dalilina shi ne, a duk faɗin ƙaramar hukumar babu wani darasin kiwon lafiya da ya kai shi shiga kunne. Ɗan dako zai ji shi sau ashirin kafin ya ga likita sau ɗaya.

Bari in fara da yaba masa, don ya cancanta. Mai tallan ya san mutanensa. Ya san inda ke yi wa manomi ciwo bayan ya wuni a sunkuye, ya san yadda dattijo ke dafa gwiwa kafin ya miƙe daga tabarma, kuma yana faɗa da Hausar da mutum zai ce wallahi ni ake nufi. Mu masu bincike sau da yawa ba mu iya wannan ba. Amma dabarar jero alamu goma sha biyu a numfashi ɗaya ita ce kuma tarkon. Duk wanda ya haura talatin yana aikin ƙarfi, dole ɗaya ko biyu su faɗa kansa. Jerin da ya kama kowa bai gano cutar kowa ba.

Kalmomi biyu ne ke ɗauke da tallan gaba ɗaya: sanyi da jijiya. Ta biyun ma ta fi rikitarwa. A Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce, farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa shi ma jijiya ne. Abubuwa uku ne da ba su da haɗi a aiki, cututtukansu daban, maganinsu daban. Idan mai magani ya ce zai buɗe maka jijiya, tambaye shi wacce. Jijiyar saƙo ba bututu ba ce balle ta toshe a wanke ta da jiƙo.

Ga yadda abin yake a jikinka. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓoɓi 33 ne aka ɗora kan juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 sun manne a ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifan guringuntsi mai taushi a ciki, yana aiki kamar gammo. Ta tsakiyar waɗannan ƙasusuwa akwai rami, cikinsa laka ta bi, kuma daga lakar jijiyoyin saƙo 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu. Lakar kanta ba ta kai ƙarshen baya ba, tana tsayawa wajen gaɓar ƙugu ta farko ko ta biyu. Daga nan sai jijiyoyi su zubo ƙasa a tare kamar gashi, shi ya sa masana jiki na dā suka kira wurin jelar doki. Ka riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

To, sanyi yana kawo ciwon baya? An gwada. A 2014 masu bincike a Sidni ta Ostareliya sun ɗauki mutum 993 da ciwon baya ya taso musu farat ɗaya, suka kwatanta yanayin ranar da ciwon ya fara da na mako ɗaya da kuma wata ɗaya kafin nan. Ba su ga alaƙa da zafi ko sanyi ko ruwan sama ko laima ba. Iska mai ƙarfi ce kaɗai ta nuna wani ɗan tasiri, shi ma bai taka kara ya karya ba. Wani binciken da jami'ar Manchesta ta fitar a 2019, inda dubban masu ciwo mai daɗewa suka riƙa shigar da yadda suke ji a waya kullum, ya ga ciwo na ɗan ƙaruwa a ranakun laima da iska, amma ba a ranakun sanyi ba. Na san za ka ce Sidni ba Dawanau ba ce, kuma gaskiyarka. Ba kuma ina cewa ƙarya kake in ka ce bayanka ya fi riƙewa da asubahin Janairu ba. Tsoka tana ɗaurewa a sanyi, mutum yana takurewa a kwance, motsi yana raguwa. Ciwon da ke nan yakan fi jiyuwa. Amma jin ciwo ya ƙaru daban, abin da ya haddasa shi daban.

Duba kalandar manomi ka gani. Me ke zuwa gab da hunturu? Kaka. Yankan dawa, roron wake a sunkuye, ɗaurin dami, sussuka, casa, ɗaukar kaya daga gona zuwa rumbu, mata kuma ga surfe ga daka. A Dawanau nan ne lokacin da dako ya fi yawa, kuma buhun hatsi na yau da kullum kilo 100 ne. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ma ta fi tsauri, ta tsaya a kilo 23, shi ma in komai ya daidaita. Ɗan dakonmu yana ɗaukar kusan ninki biyu na ma'aunin farko, ya hau katako da shi zuwa saman mota, ya sauko ya sake, har la'asar. Wata biyu ana haka, sai iska ta kaɗa, baya ya ƙi miƙewa, a ce sanyi ne. Sanyin ya zo ne ya tarar. A duk tallan ba za ka taɓa jin an ambaci buhu ba, don ba a sayar da jarka a kan buhu.

Za ka ce ai mutane suna sha suna samun sauƙi. Suna samu, kuma ga dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 irin wanda ba a iya ɗora shi kan wata cuta takamaimai ne: tsoka ta gaji, gaɓa ta motsu, faifai ya ɗan ji jiki. Mafi yawan irin wannan yana lafawa da kansa cikin makonni shida, ka sha magani ko kada ka sha. Mutum kuma ba ya sayen magani sai ranar da ciwo ya kai maƙura, wato daidai ranar da zai fara sauka. Mai jarka yana karɓar ladan aikin da jiki ya yi. Akwai kuma wata matsalar. A ƙasashe da dama an sha gwada magungunan ciwon jiki da ake sayarwa da sunan na gargajiya, a tarar an zuba musu diklofenak ko deksametason a ɓoye. Jarkar da ba ta da rubutu ba ka da hanyar sanin me ke ciki. In ka sha jiƙo ciwo ya ɗauke cak cikin awa ɗaya, bayan 'yan makonni kumatu suka ciko, ci ya buɗe, to ka yi zargi. Su deksa ke yin haka, suna tayar da suga da hawan jini, suna raunana ƙashi. Diklofenak kuwa in an daɗe ana sha yana cin ciki da ƙoda, musamman ga wanda ke aiki a rana bai shan ruwa sosai. Ko lambar NAFDAC da wasu ke ɗagawa a lasifika, irin wadda ake bai wa maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe, shaida ce cewa an duba ba a ga guba ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkarwa, kuma doka ta ce a rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Kada ka ɗauka ina yi wa tunanin sanyi kallon jahilci. Yana da asali. Likitancin da ya taso daga Girka ya bi ta hannun su Ibn Sina ya ginu ne kan zafi da sanyi, danshi da bushewa, kuma Turai kanta da shi ta yi aiki har ƙarni na 18. Malamanmu sun karanta shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta ƙananan littattafai kan magani, har da guda a kan basir kaɗai. Wannan shi ne abin lura: magabata rarrabewa suke yi. Ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har dunduniya, Larabawa sun ware masa suna nasa, irƙun nasa, ba su cusa shi cikin sauran ciwon jiki ba. Wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya bayyana a 1764 cewa ciwon na babbar jijiyar ƙafa ne ba na gaɓar ƙugu ba, sai a 1934 Mixter da Barr a Amurka suka nuna cewa sau da yawa faifai ne ke fashewa ya danne tushen jijiyar. Tafiyar ilimi kenan, ana ƙara rabewa. Mai lasifika baya ya koma da mu, ya tattara abin da aka sha wuyar rabawa ya zuba a jarka ɗaya. Ko a ma'aunin likitancin da yake jingina da shi, bai yi adalci ba.

Da a ce duk ciwon baya irin mai warkewa da kansa ne, da ban ɓata lokacinka ba, asarar ba za ta wuce ta kuɗi ba. Matsalar tana cikin ɗan ragowar nan.

Ɗauki tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar da ke kawo tarin fuka tana iya bin jini ta sauka a gaɓoɓin baya, galibi wajen ƙasan ƙirji da saman ƙugu, kuma mai ita ba lallai ya yi tari ko sau ɗaya ba. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya siffanta cutar a 1779, fiye da shekara 100 kafin Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882. A Turai ta ragu ƙwarai, a nan kuwa har yanzu ana kai masu ita asibitin ƙashi na Dala. Yadda take tafiya shi ne abin tsoro: a hankali. Ciwo a wuri ɗaya na wata biyu, wata uku, ba ya lafawa in an kwanta, yakan ma tashe ka da dare. Zazzaɓi sama-sama da yamma, gumin dare, rama, rashin cin abinci. Yanzu koma ka saurari jerin mai talla: ciwon baya, kasala, rama. Ya faɗe su tsaf, ya ce sanyi. Mutum zai sha jarka ta farko, ta biyu, ya je a yi masa ƙaho, wata shida sun tafi. A ciki kuwa ƙwayar tana cin gaban ƙashi har ya rufta, doro ya fito, ruwan mugunya ya taru ya danne laka. Sai ƙafa ta fara nauyi, takalmi ya riƙa fita ba a sani ba, wata rana a kasa tashi. In kuma jiƙon yana da deksa a ɓoye, an ƙara wa wuta fetur, don yana danne garkuwar jiki ya bar ƙwayar ta yi yadda take so. Abin takaicin, wannan cuta ce mai magani. Ƙwayoyin tarin fuka ne, kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati, ana sha har wajen shekara guda, kuma wanda aka kama da wuri yawanci ko tiyata ba ya bukata.

Sai jelar dokin nan. Idan faifai ya fashe da yawa ya danne ta, alamun ba sa ɓuya ga wanda ya san su: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a ji, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, daidai inda ke taɓa sirdi in ka hau doki, ƙafafu biyu su yi rauni. Nan ana lissafi da awoyi ne, ba kwanaki ba. Wuri ne na asibitin da ke da likitan tiyatar laka, irin Dala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a ranar, ko da tsakar dare ne. Tallan ya sa matsalar fitsari da raunin mazakuta cikin jerin sanyi, kuma kunya tana taya shi, don magidanci zai fi son ya sayi jarka a ɓoye da ya faɗa wa wani cewa ya jiƙa wando.

Shawarwarin hunturu da ke biyo bayan tallan, musamman a saƙon WhatsApp, gauraye suke. Gasa baya da ruwan ɗumi ko tsumma mai zafi yana rage ciwo na ɗan lokaci, bincike ya goyi bayan haka, ka yi abinka. Amma banda mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin tafin ƙafa, mutum ya ji kamar yana taka auduga ko ana tsira masa allura, shi ma a ce masa sanyi. Irin wannan ƙafa ba ta jin zafi, sai ya miƙa ta ga kaskon wuta ya ƙone bai sani ba, gyambon da zai biyo baya yana iya kaiwa ga yanke ƙafa. A gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna, ko wani ya gwada masa. Kaskon gawayi a ɗaki a rufe kuwa, ga mai lafiya ma haɗari ne. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, wanda ya tsira ma yana iya tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Shawarar a kwanta a lulluɓe har sai ciwo ya tafi ita ma ba ta yi ba. Tun 1995 wani gwaji a Helsinki ya nuna waɗanda suka ci gaba da harkokinsu daidai iyawa sun riga waɗanda aka kwantar kwana biyu warkewa. Ka ajiye buhu, amma kada ka ajiye tafiya.

Da hunturu ya fara juyawa zuwa bazara kuma, riƙewar wuya ta tashi daga batun matashin kai. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ce ke kumbura, kuma yana kisa cikin kwana ɗaya. Kano ba ta manta 1996 ba, shekarar da ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000. A 2024 Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. Haka yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya: a kai shi a duba, a ɗauki samfurin bayan gidansa. Shan inna laka yake kamawa, kuma duk da an tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da nau'in daji, ba a daina sa ido ba.

Kafin ka ce na ɗora wa mai jarka laifin duniya, ɓangarenmu ma akwai abin faɗa. Mutum ya je kemis da ciwon baya, a haɗa masa ƙwayoyi biyar a leda babu suna, a ƙara da allura a ɗuwawu. Babbar jijiyar ƙafa, mai kaurin babban yatsa, ta nan take wucewa. Allurar da aka soka ba a sama ta gefen waje ba tana iya samunta, ƙafa ta saki har abada, kuma yara ƙanana sun fi shiga wannan haɗari, shi ya sa ake yi musu a cinya. Ko kuma a tura mutum hoto tun makon farko, a nuna masa a ce ƙashin bayanka ya goge. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu alamar tsufan faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Furfura ce ta ciki. Amma an riga an tsorata shi, ya daina motsi, ya koma gida da kalmar da ta fi sanyi nauyi. Mai lasifika aƙalla ya ba shi bege, kuma ya yi masa magana minti goma. Wani lokacin mu ko minti biyu bai samu ba.

Abin da nake tuhumar tallan da shi dai guda ne: ba shi da ƙofar fita. Bai taɓa cewa in ka ga kaza, wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti. Mai ɗori na kirki yakan faɗi haka in ya ga karayar da ta fi ƙarfinsa. Jimla huɗu sun isa: ciwon da ya wuce mako shida ko yake tashinka da dare tare da rama da zazzaɓi, ƙafar da ke rauni, fitsari ko bayan gida da ya rikice, wuyan da ya sandare da zazzaɓi. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallan za su iya sharɗanta a karanta su a ƙarshe, ba zai ci daƙiƙa ashirin ba.

Batun buhu kuwa ba a hannun mai magani yake ba, yana hannun shugabannin kasuwa da ƙungiyar 'yan dako da manyan dillalai. Siminti kilo 50 ne, takin zamani kilo 50, shinkafar kamfani kilo 50, kuma babu wanda ya ce ciniki ya tsaya saboda haka. Masara da dawa da gero ne suka zauna a 100. Sai dai ɗan dako da buhu ake biyansa, don haka duk wanda zai kawo maganar raba buhu biyu, sai ya zo da lissafin yadda kuɗin sauke tirela ɗaya ba zai ragu a hannun masu saukewa ba.